Murfin Rijiya Aikin Maigida Ne

A daminar da ta wuce na je ta'aziyya wani ƙauye da ke kusa da Ringim, gidan wani aminin mahaifinmu. Jikansa ɗan shekara biyu da 'yan watanni ne ya faɗa rijiyar tsakar gida da hantsi, ba a kuma ankara ba sai da aka ga takalminsa ƙafa ɗaya a gefen guga. Muka zauna a kan tabarmi a ƙofar gida, duk wanda ya zo sai ya ce Allah ya ba da haƙuri, Allah ya sa mai ceto ne, a shafa fatiha. Can ƙasa-ƙasa na ji wasu dattawa biyu suna cewa matan yanzu ba su da kula, ina uwar take har yaro ya kai bakin rijiya. Uwar kuwa tana surfe ne a lokacin, da goyo a bayanta, ga kuma tukunya a kan wuta.

Ranar sadakar uku aka ce in shiga in gaida tsofaffin gidan, a nan na ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Rijiyar tana nan yadda take, bakinta daidai da ƙasa, tsohuwar tayar mota ce kewaye da shi, sai wani guntun langa-langa da aka ɗora a kai, wanda iska mai ɗan ƙarfi ma za ta ɗauke shi. Ga ƙananan yara uku suna wasa da gwangwani, bai fi taku biyar tsakaninsu da ita ba. Maza sun fi talatin da suka yi kwana uku zaune a ƙofar gidan, a cikinsu akwai magini, akwai mai walda, amma ba a sami wanda ya ce a kawo siminti ba. Ni ma ban faɗa ba a ranar, nauyin gidan makoki ya rufe min baki, kuma abin yana damuna har yau.

Ra'ayina shi ne, kare ƙaramin yaro daga haɗarin cikin gida nauyi ne da yake farawa daga kan maigida, kuma ana sauke shi da siminti da murfi da kwaɗo da kantar ajiye kaya a sama, tun kafin a zo kan maganar idon uwa. Muddin muka ci gaba da raba laifi tsakanin ƙaddara da sakacin mata, rijiyoyinmu za su ci gaba da zama a buɗe.

Ido ba ya tsare ɗan shekara biyu

Duk wanda ya taɓa wuni a cikin gida a ƙauye ya san yadda safiyar mace take. Ta tashi ta hura wuta, ta dama koko, ta yi shara, ta yi wanke-wanke, ta ja ruwa, ta yi surfe, ta aika da niƙa, ta ɗora abincin da za a kai gona, ga jariri yana neman nono. A cikin wannan hidima ne muke so ta kafa wa ɗan shekara biyu ido ba ƙiftawa, yaron da bai san tsoro ba, wanda kafin ki sauke tukunya ya ƙetare tsakar gida. Idan aikin ya yi mata yawa sai ta damƙa shi a hannun yayarsa 'yar shekara shida ko bakwai, wadda ita kanta tana bukatar mai kula da ita.

Ruwa kuma ba ya ba da sanarwa. Mutane suna zaton yaron da ya faɗa ruwa zai yi ihu ya yi ta fantsama, alhali ƙaramin yaro shiru yake nutsewa, cikin 'yan mintoci ya gama. Ba ma sai rijiya ba. Kan ƙaramin yaro yana da nauyi sosai idan aka kwatanta da girman jikinsa, shi ya sa idan ya leƙa bokiti ko bahon wanki ko randar da aka binne gindinta a ƙasa, sai ya kifa da ka, ba shi kuma da ƙarfin da zai ɗago kansa. Ruwan da bai kai tsawon tafin hannu ba ya isa ya yi ajalinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A Bangaladash, ƙasar da ruwa ya yi wa yawa kuma talaucin ƙauyukanta bai bambanta da namu ba sosai, an lura cewa yawancin ƙananan yaran suna nutsewa ne daga hantsi zuwa azahar, a ruwan da ke dab da gida, daidai lokacin da iyaye mata ke tsakiyar aiki. Da suka gane haka ba su tsaya yi wa matan faɗa ba. Sun ƙera ɗan shingen katako da ake sa yaro a ciki, suka kuma ware wuri a unguwa inda wata mata za ta riƙa tsare yaran maƙwabta a waɗannan sa'o'i, mutuwar kuwa ta ragu ƙwarai. Sun yarda cewa ido yana gajiya, shi ya sa suka sa shinge tsakanin yaro da ruwa.

"Kwanansa ne ya ƙare"

Wannan ita ce magana ta farko da za a tare ni da ita, kuma ba na musun ta. Na yi imani babu ran da zai wuce ajalinsa, kuma ba zan taɓa zuwa gaban uwar da ta rasa ɗa in ce mata da an yi kaza da bai mutu ba. Ƙaddara magani ce ga zuciyar da aka riga aka jarraba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da ita hujjar barin rijiya a buɗe ga yaran da suka rage.

Addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya fi kowa tsananta maganar tsare gida. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da aka ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labari, sai ya ce wutar nan maƙiyiyarku ce, idan za ku kwanta ku kashe ta. A hadisin Jabir kuma ya yi umarni a rufe ƙwarya, a ɗaure bakin salka, a kulle ƙofa, a kashe fitila, domin ɓera yana iya jan lagwani ya ƙone mutanen gida, ya kuma ce a tsare yara idan almuru ta yi. Har ya ce wanda bai sami murfi ba ya gitta ko da itace ne a bakin mazubin. Wanda aka umarta ya rufe ƙwaryar abinci, yaya zai kare kansa a kan ramin da ya kai gaba goma yana buɗe a tsakiyar 'ya'yansa?

Mu kanmu ba ma aiki da wannan hujja a kan dukiyarmu. Manomi yana shinge gonar rogo da ƙaya saboda awaki, yana ɗaga rumbu a kan duwatsu saboda gara, yana kwana kusa da turken shanu saboda ɓarayi, yana sa wa babur sarƙa da kwaɗo. Ban taɓa jin wanda ya bar sansa a sake ya ce idan rabon ɓarawo ne zai ɗauka ba. Sai an zo kan yaro ne tawakkalinmu yake zama na naɗe hannu.

Maganar babu

Magana ta biyu ita ce talauci, kuma tana da nauyi. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 komai ya yi tsada, buhun siminti ya fi ƙarfin mutane da yawa, wanda yake neman na cefane kuma ba ka ce masa ya sayi rodi ba. Na yarda akwai gidajen da wannan uzuri gaskiya ne a kansu.

Sai dai mu duba gidan da na je. An yanka rago ranar sunan yaron, an ɗinka wa mai jego kaya, an yi abincin taro. Ɗaga bakin rijiya zuwa ƙugun babba da 'yan bulo, a zuba mata murfin siminti, a bar ƙaramar ƙofar ƙarfe mai kwaɗo inda guga zai shiga, duk wannan bai kai kuɗin ragon suna ba, kuma aiki ne na sau ɗaya da zai tsare yaran gidan har jikoki. Wanda bai da halin siminti yana da halin jera itatuwa masu kauri a ɗaure su da waya yadda yaro ba zai iya turewa ba, yana da halin kewaye wurin da darni mai ƙofa. Tun ran gini tun ran zane: mai haƙar rijiya bai kamata a sallame shi ba sai an gama maganar bakinta, kamar yadda ba a cewa an gama ɗaki alhali ba a sa masa ƙyaure ba.

Sauran abubuwan ma ba kuɗi suke ci ba. Kife baho bayan wanki kyauta ne. Ɗaure murfin randa da igiya kyauta ne. Rufe ramin salga da faifan katako mai nauyi, da duba dandamalinta kafin ruwan sama ya jiƙa ƙasa ta rufta, aikin yamma ɗaya ne.

Wuta a ƙasa, yaro a ƙasa

Murhunmu duwatsu uku ne a ƙasa, daidai tsayin mai rarrafe. Talge yana tafasa a can, man suyar awara da ƙosai yana can, masu turara shinkafa a wajen Kura da Bunkure kuma manyan tukwanensu a tsakar gida suke. Bayan an sauke girki sai a bar rushi, samansa toka ce fara mai kama da ta huce, ƙarƙashinsa kuwa garwashi ne, yaro ya taka da ƙafa biyu ya tsaya a ciki yana kuka domin bai san ya ja da baya ba.

Lokacin da na fi jin tsoro shi ne na wankan jego. Kwana arba'in ana tafasa ruwa a rabin durom safe da yamma, a juye a baho a ɗauka zuwa makewayi, kuma a daidai wannan lokaci ne yaron da aka yi wa ƙani yake yawo ba mai lura da shi, hankalin gida duka ya koma kan jariri da mai jego da 'yan barka. Maigidan da ya iya sayen itacen jego har amalanke guda ya iya kafa 'yar katanga ko darni kewaye da wurin da za a hura shi. Ɗan gini na ƙasa da bai wuce gwiwa ba a bakin madafa ya isa ya tsayar da mai rarrafe har uwarsa ta waiwayo.

Da sanyin hunturu kuma sai a shiga da kasko ɗaki a toshe ko'ina. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa mutum barci mai nauyi ya wuce daga nan, ƙananan yara ne kuma take fara kayarwa. Haka hayaƙin janareta idan aka kunna shi a zaure ko kusa da taga. Ga kyandir da igiyar leko kusa da gidan sauro, wanda yake kamawa cikin ƙiftawar ido ya narke a jikin wanda ke ciki. Yanzu da ƙananan fitilun sola suka cika kasuwannin ƙauye, ban ga dalilin da zai sa a kwana da buɗaɗɗiyar wuta a ɗakin da yara suke ba.

Akwai masu cewa yaro ba ya sanin wuta sai ta ƙone shi. Wannan magana tana iya zama gaskiya ga ɗan yatsan da ya taɓa murfin tukunya. Wanda ya taɓa ganin yaron da tafasasshen ruwa ya kwararo masa daga kafaɗa zuwa cinya, ko yarinyar da yatsunta suka manne da juna bayan ƙuna, ba zai sake kiran wannan darasi ba.

Abin da maza suke shigowa da shi

A nan ne maganar ɗora wa mata laifi ta fi ba ni mamaki, domin yawancin gubar da ke cikin gidajenmu mu maza ne muke kawo ta. Mu ne muke dawowa daga gona da ragowar maganin feshi mu ajiye a gindin gado ko bayan ƙyaure. Mu ne muke sayo fiya-fiya ranar kasuwa a kwalbar da ba ta da ko rubutu. Mu ne muke ɗura fetur na babur ko na injin ban ruwa a robar lemo, mu jingine a zaure. Yaro ya san wannan robar, ya sha abu mai zaƙi a cikinta jiya, kuma da ƙishirwar bazara ba ya tsayawa shinshinawa. Shan kalanzir yana daga cikin gubar da aka fi kai yara asibiti a kanta a Najeriya, kuma kusan kullum labarin ɗaya ne, an zuba shi a mazubin abin sha.

A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari na Sniper da ire-irensa a kasuwanni, amma dokar da aka yi a Abuja ba za ta shiga ɗakin kowa ta ɗauke kwalba daga ƙasa ba. Irin wannan magani ko ta fata yana shiga jiki. Yaron da ya sha shi za a ga yawu yana dalala, gumi yana karyo masa, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi yana sarƙewa, kuma asibiti ne kaɗai ke da allurar da ke karya shi.

Mata ma suna da nasu. Sodar da ake haɗa sabulu da ita, wadda ta yawaita tun da aka fara koya wa mata wannan sana'a, idan an jiƙa ta kamar ruwa take, kurɓa ɗaya kuma tana ƙone maƙogwaron yaro ta bar shi ba ya iya haɗiyar abinci. Jajayen ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wajen awo kamar alewa suke a idon yaro, kuma idan ya sha da yawa suna iya kashe shi. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli, na agogo da ƙananan fitilu, idan ya maƙale a maƙogwaro yana fara cin nama cikin sa'a biyu. Maganin duk waɗannan guda ne: akwati ɗaya mai kwaɗo, ko kanta a can sama inda ko yaro ya taka turmi ba zai kai ba, kuma kada a taɓa juye guba a mazubin abinci ko abin sha. Kafa kanta aikin namiji ne.

Wanda yake ganin na cika tsoro ya tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum maza suna kawo duwatsun zinare gida, ana daka su ana niƙa su a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Ƙurar tana ɗauke da gubar dalma, yara fiye da 400 suka mutu, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka shigo aka kuma kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa. Babu uban da ya yi nufin cutar da ɗansa a cikinsu, neman abinci suke yi, sun dai shigo da sana'a inda bai kamata ta shigo ba.

"Mu ma haka muka tashi"

Gaskiya ne, a irin waɗannan gidaje muka tashi. Amma masu wannan magana su ne waɗanda suka rayu. A tambayi kowace tsohuwa 'ya'ya nawa ta haifa, nawa suka girma, sannan a dubi tabon ƙuna da ke jikin sa'o'inmu. Ban da haka, gidan da kakanninmu suka rena yara a ciki babu fetur, babu fiya-fiya, babu soda, babu wayar lantarki da aka jona da leda tana lilo. Haɗarin ya ƙaru, gidajen sun ƙara cika, tsofaffin da ke zaune suna gadin jikoki kuma ba kowane gida ke da su ba.

Wani abin da muka gada wanda ya kamata mu bari shi ne yadda muke yi bayan abin ya faru. Yaro ya sha kalanzir, sai a ɗura masa manja ko madara a sa masa yatsa a baki ya yi amai. Aman nan shi ne yake tura man zuwa huhu, can ne kuma yake kisa. Idan soda ce, aman yana sake ƙone hanyar da ta bi. Abin yi shi ne a ɗauki yaron da kwalbar abin da ya sha a nufi asibiti ba tare da an ba shi komai ba. Ƙuna kuma ba ta son ƙwai ko man goge baki ko baƙin mai ko gishiri. A yi ta kwarara mata ruwa mai tsabta mai sanyi na kimanin minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a tafi. Daga ƙauyukanmu zuwa Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko Asibitin Malam Aminu Kano tafiya ce mai nisa da tsada, wannan nisa kansa hujja ce a kan cewa rigakafin ya fi mana sauƙi.

Abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya

Akwai uzurin da na fi tausaya wa, na babban gida mai sassa biyar ko shida, rijiya ɗaya, kowa yana jiran wani. Ƙani ba ya son ya yi gaban kansa a gidan da yayansa ko baffansa ke da iko, matan kuma idan sun yi magana sai a ce sun cika ƙorafi. A irin wannan gida babban cikinsu ne ya kamata ya tara 'yan'uwansa bayan girbi, lokacin da kowa ke da ɗan abin hannu, a yanka wa kowa abin da zai kawo, kamar yadda ake yi idan katanga ta faɗi ko za a aurar da 'ya.

A waje kuma ga kududdufan da muka haƙa da hannunmu muna ɗibar ƙasar gini, waɗanda suke cika da damina a bayan gidaje, ga magudanan noman rani a yankin Kadawa, ga ambaliyar kogin Haɗeja da take mayar da tsakar gida tafki a Auyo da Kafin Hausa. Jami'an kashe gobara na Kano sun sha ciro yara daga rijiyoyi da kududdufai, amma kafin mota ta iso ƙauye gawa ake cirowa. Wannan aikin mai unguwa ne da dagaci da liman. A da duba-gari yana shiga gida-gida yana leƙa randa da salga, mutane suna shakkarsa. Ma'aikatan lafiyar muhalli suna nan a ƙananan hukumomi har yanzu, kuma ina ganin buɗaɗɗiyar rijiya ta cancanci shiga cikin abin da suke dubawa. Liman kuma da zai ware huɗuba ɗaya kafin faɗuwar damina ya karanta wa maza hadisin Jabir, ya ce kowa ya koma gida ya durƙusa daidai tsayin ɗansa ya duba abin da hannun yaron zai iya kaiwa, da an ga canji a wannan makon.

Bayan sadakar arba'in na koma ƙauyen, na sami aminin mahaifin namu shi kaɗai a zaure. Na ce, "Baba, ina neman alfarma, a ba ni izini in kawo buhun siminti ɗaya saboda rijiyar nan." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce simintin nasa ne, shi zai saya, ni dai in turo magini. An ɗaga bakinta, an zuba murfi, makullin yana rataye a ƙusa a ɗakin uwargida. Gidan da ke jikin nasu, mai yara bakwai, tasu rijiyar har yanzu tayar mota ce a bakinta.